Littafin da ke Bayan Gidan Waya

Daga Castro aka aiko ni, da biro da takarda,
na bi jirgin ruwan safe, ruwan sama na marin gilashi,
zuwa wani ƙauye a gefen tsibirin Chiloé
inda aka ce akwai ɗakin da ya kasa biyan kuɗin wutarsa.

Ƙa'idar ofis ba ta da kwana:
tambaya ɗari a shekara, ko a sa kwaɗo.
Su kuwa bara sha huɗu suka yi.
Na ƙirga sau biyu, har da wadda aka soke.

Nelda Cárcamo ce ta buɗe mini,
hannunta duk ƙasar gona, ba ta miƙo ba.
Da haɓa ta nuna shi:
littafi mai kauri a kan tebur,
an ɗaure masa fensir da igiya kamar akuya mai ɓarna.
Mai tambaya ya rubuta, ya kama gabansa.
Mai sani, in hanya ta biyo da shi, ya amsa a ƙasa.

Na buɗe tsakiya.
"Me ke sa baƙin dankali ruɓewa ta ciki
alhali bayansa lafiya lau?"
Eliodoro, watan Mayu.
Sai fili, fari fat, shafi guda aka bar masa.
Can ƙasa, da wani hannu dabam, bayan shekara tara:
"Ciyawar tekun da kake zubawa ba ta bushe ba.
Bar ta ta sha iska tukuna."

Na ce, ya gani?
Ta ce, "An riga an binne shi.
Jikarsa ce ta karanta. Gonar na nan, je ka duba."

To ni ba dutse ba ne, amma na iya lissafi.
Rufin nan yana yoyo a kusurwa uku.
Kuɗin gyaransa gado biyu ne a asibitin gunduma,
kuma na san matar da ta haihu a kan benci.
Amsar da ta iso bayan jana'iza,
da wane baki za a kira ta amsa?
A birni, kafin ka rufe baki waya ta ba ka dubu.

Na faɗa mata haka. Ba ta musa ba.
Ta zuba mini shayi, ta ce,
"Wayar ta san dankalin duniya.
Na bayan tudun Eliodoro ne ba ta sani ba."
Ta ja mayafi ta fita kora tumaki.

Aka bar ni da shafuka.
Yadda ake toshe ƙasan kwalekwale: amsa uku,
biyu daga ciki suna zagin juna cikin ladabi.
Rubutun yaro, harufa na tangaɗi: "Ina kifi ke kwana?"
wani masunci ya ba shi layi goma sha biyu, bai yi masa dariya ba.
Sai wannan:
"Ko akwai wanda ya ga ɗana Baldovino a Punta Arenas?"
Babu komai a ƙasa.
Takarda ta yi tsada a nan, ana rubutu har a gefe,
amma wannan shafin ba wanda ya taɓa.

Takardata gida biyu gare ta: a rufe, a bari.
Babu gidan abin da ke tafiyar hawainiya.
An ce sannu ba ta hana zuwa,
ba a dai faɗi wanda zai biya wuta kafin a isa ba.

Jirgin yamma ya busa.
Na jawo fensirin iyakar igiyarsa,
na sami sabon shafi, na rubuta:
"Ɗakin da mutum sha huɗu suka nema a shekara,
a rufe shi?"
Ulises, watan Yuli.

Sun zama sha biyar.
Takardar na aljihuna, ta jiƙe ta bushe.
Maigidana ya kira sau uku.
Na ce masa na tura tambaya, ina jiran amsa.